Ban Ruwa da Ban Kwana

Gabatarwa

Akwai wata 'yar gajeriyar magana da babu wanda bai taɓa furta ta ba daga cikinmu, wato "mu yafi juna". Magana ce da Bahaushe ya keɓe wa ranar rabuwa. Ɗalibi yakan faɗe ta ranar da ya kammala makaranta, ma'aikaci yakan faɗe ta idan an yi masa canjin wurin aiki, maniyyaci yakan bi gida-gida yana faɗar ta kafin ya wuce sansanin alhazai, haka ita ma amarya takan faɗe ta cikin kuka ranar da za a kai ta ɗakin miji. Saboda yawan jin ta da muke yi, har ta zama kamar "sannu da aiki", ba kasafai mutum ke tsayawa ya auna nauyinta ba.

To, 'yan'uwana marubuta da masu sha'awar rubutu, tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowar ita ce: idan mutum ya san takamaiman laifin da ya yi wa ɗan'uwansa, shi kuwa ɗan'uwan bai sani ba, shin wannan magana ta jimla ta isa ta wanke shi? Ko kuwa dole sai ya buɗe baki ya kira laifin da sunansa, ko da yin hakan zai dagula ranar ban kwana?

Ba a cikin littafi na tsinci wannan tambaya ba. A lambu ta same ni, a ƙarshen ranin da ya wuce, lokacin da abokan zamana na shekara 14 suka ɗaure kaya za su koma garinsu. Don haka ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri in fara kai shi lambun, domin kuwa sai ya san yadda ruwa ke gudana a wurin sannan zai gane inda maganar ta dosa.

Lambunmu

Ni malamin makarantar sakandare ne a wani ƙaramin gari da ke kudu da birnin Kano. Duk wanda ya san wannan yanki ya san ƙasar noman rani ce, musamman tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya riƙa bin hanyoyin da aka gina masa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Wanda ya bi titin Zariya lokacin sanyi zai ga kwandunan tumatir jibge a Kwanar Gafan suna jiran manyan motoci masu zuwa Kudu. Sai dai mu lambunmu ba ya kan wannan hanyar ruwa. A wata 'yar fadama yake a bayan gari, wadda wani dattijo ya ba mu aro, mu kuma mukan kai masa kayan miya da buhun albasa idan an yi girbi.

Mu uku ne a lambun. Na farko, wanda zan riƙa kira Yaya a nan tun da haka nake kiran sa a baki, malamin kimiyyar noma ne a makarantarmu, mutumin Mubi ta Jihar Adamawa, kuma ya girme ni da kusan shekara 20. Na biyu wani bawan Allah ne daga ƙasar Damagaram, wanda ci-rani ke kawo shi duk shekara bayan an kai amfanin gona gida. Shi ne ke kwana a 'yar bukkar lambun yana gadi, yana kuma da nasa komaye. Na ukun ni ne, wanda ya shigo bai ma iya tayar da kunya ba.

A hannun Yaya na koyi kusan duk abin da na sani. Shi ya nuna mini cewa ba a yin dashe da rana tsaka, sai da la'asar sakaliya, kuma sai an jiƙa gadon reno kafin a cire iri don ya taso da 'yar ƙasarsa a jikin saiwa. Shi ya koya mini cewa albasa ta fi bukatar ruwa lokacin da take ɗaura kai, amma idan ta kusa nuna sai a janye mata ruwan, in ba haka ba ba za ta yi ajiya ba. Uwargidansa kuwa, wadda muke kira Adda, ita ce ma'ajiyar iri. Takan shanya irin yakuwa da na kuɓewa da na attaruhu ta cuɗa da toka ta zuba a kwalabe, kuma a wurinta maiɗakina ta koyi yin kauɗa da gabu. Tare muka ga samu, tare muka ga rashi. A 2014, da masu tayar da ƙayar baya suka shiga Mubi, 'yan'uwansa suka gudo suka cika masa gida, wannan lambu ne ya riƙe tukunyar miyarsu. A 2016 kuma, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina, tare muka tsaya muna kallon ganye ya bushe kamar an bi shi da wuta.

Yanzu sai maganar ruwa. Iyayenmu da jigo suka yi ban ruwa, amma tun farkon shekarun 1990 da shirin Fadama ya yaɗa ƙananan rijiyoyin burtsatse da injin ban ruwa, jigo ya fara zama tarihi. Mu ma rijiya ɗaya gare mu da inji ɗaya da muka haɗa kuɗi muka saya, kowa kuma da ranarsa. Lokacin sanyi babu wata matsala. Amma da zarar watan Maris ya kama, zafi ya tsananta, sai ruwan ya yi ƙasa. Inji ya yi aikin ɗan lokaci sai ka ji ya fara zuƙar iska, dole a kashe shi a bar rijiyar ta kwana tana tara ruwa. Ke nan duk wanda ya tayar da inji da dare, ruwan mai safiya ya sha.

Daren da na sha ruwan wani

Shekara 6 ke nan da suka wuce, a irin wannan lokaci na zafi, tumatirina na ƙarshe yana cikin fure, furen kuma ya fara zubewa saboda ƙishi. Na ci bashin taki, maiɗakina tana da tsohon ciki, albashi kuma ya yi jinkiri. Ba don in wanke kaina na kawo waɗannan dalilai ba, sai don mai karatu ya ga irin ƙofar da Shaiɗan ke shigowa ta ciki. Dare uku daban-daban, duk a jajibirin ranar Yaya, na saci jiki bayan sallar isha'i na je na tayar da inji na shayar da komayena. Mutumin Damagaram yana bakin bukkarsa yana kallo na. Ya ce, "Malam, sannu da dare." Na ce, "Yauwa, sannu." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Albasar Yaya a lokacin take ɗaura kai. Ya zo da asuba ya tayar da inji, kafin ya zagaya rabin komayensa ruwa ya ɗauke. A karo na uku sai ya tsaya ya yi shiru, sannan ya dubi wajen bukka. A hankalce, wa za a zarga in ba wanda ke kwana da rijiya ba? Bai yi faɗa ba, domin ba halinsa ba ne. Abin da kawai ya ce shi ne, amana abu ce mai wuyar riƙo. Daga ranar ya ɗauke abin tayar da injin ya riƙa tafiya da shi gida. Ina tsaye a wurin, fartanya a hannuna, na sunkuyar da kai kamar mai cire ciyawa.

Mutumin Damagaram ya dube ni sau ɗaya, bai ce uffan ba. Na daɗe ina tunanin dalilin shirunsa, abin da na gano shi ne: baƙo ne, tsakanin malaman makaranta biyu, a ƙasar da ba tasa ba. In ya faɗa, wa zai gaskata shi? Albasar Yaya ta fito ƙanana a wannan shekarar, tumatirina kuwa ya yi kyau, na biya bashi, na yi hidimar suna. Da rani ya ƙare, wata safiya muka tarar da bukka a share, tabarma a naɗe. Mutumin ya tafi ba tare da sallama ba, bai kuma sake dawowa ba. Yaya ya ɗauki wannan a matsayin shaidar rashin gaskiya. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Na san ya ƙi tsayawa ne don kada a ce masa "mu yafi juna" ya rasa amsar da zai bayar.

Labarin tafiya

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne. Komai daɗewar ma'aikaci a garin aiki, ranar komawa gida tana nan tafe. Da Yaya ya yi ritaya, sai 'yan'uwa suka matsa masa ya dawo ya riƙe gidan gado, tun da yanzu shi ne babba. Mubi kuwa ba nan kusa ba ce. Tana can gab da iyakar Kamaru, sai an ratsa Jigawa da Bauci da Gombe, tafiyar yini guda cur ga wanda ya yi sammako. Malamin makaranta mai iyali, a wannan zamani na tsadar mai tun bayan janye tallafi a 2023, ya san ba tafiya ce da zai riƙa yi don gaisuwa kawai ba. Mun faɗa wa juna cewa za mu riƙa ziyara, amma kowannenmu ya san mai yiwuwa ne sauran ganinmu a duniya bai wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

A nan dole in faɗi wani abin kunya na biyu. Akwai itatuwan mangwaro guda 4 da Yaya ya dasa a gefen lambun, binta siga, ya yi musu aure da hannunsa, sun girma suna 'ya'ya sosai. Ranar da ya ba ni labarin tafiyarsa, kafin baƙin ciki ya iso zuciyata, wani tunani ya riga shi isowa: to, wa zai gaji mangwaron? Baƙin cikin ya biyo baya, kuma na gaskiya ne, har na kasa cin abinci a daren. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kwaɗayi ne ya fara yin sallama.

Ke nan na tunkari ranar ban kwana da kaya biyu a kaina, satar ruwa da kwaɗayin mangwaro. Ga kuma hanya mai sauƙi a buɗe: in bari sai an loda kaya a mota, in kama hannunsa in ce, "Yaya, mu yafi juna." Na tabbata zai ce, "Ba ka yi mini komai ba, na yafe duniya da lahira." Shi ke nan, in dawo gida da takardar wanki a aljihu.

Hujjojin yin shiru

Kada mai karatu ya zaci wannan hanya ba ta da hujja. Tana da su, kuma ba na wasa ba ne.

Hujja ta farko ita ce rufin asiri. An hore mu da cewa wanda Allah Ya rufa wa asiri kada ya tona wa kansa. Abin da ya wuce shekara 6, an manta da shi, mene ne amfanin tono shi? Yawan tone-tone ne ya sa kaza ta tono wuƙar yanka ta.

Hujja ta biyu ta fi ta farko kaifi. Sau da yawa abin da muke kira faɗin gaskiya son kai ne ya yi shigar burtu. Mutum ya gaji da ɗaukar kayansa, sai ya nemi kan da zai sauke wa. Ni in samu sauƙi in yi barci, shi kuwa dattijo ya hau mota da ɗacin cewa ƙanen da ya rena shekara 14 ya ci amanarsa. Wace riba ya ci? Ashe ba tausayi ba ne a bar shi ya tafi da kyakkyawan zato?

Hujja ta uku ita ce, ba a banza magabata suka bar wannan magana a dunƙule ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Da a ce duk ranar rabuwa sai kowa ya zauna ya lissafo abin da ya yi wa ɗan'uwansa ɗaya bayan ɗaya, da babu wanda zai rabu da wani lafiya. Kara da kunya su ne suka dunƙule maganar, don a rabu fuska a sake. Su kansu malamai sun yi saɓani a kan ko yafiyar jimla tana wadatarwa ga haƙƙin da mai shi bai san da shi ba, kuma ni ba malamin wannan fanni ba ne balle in yanke hukunci. Abin da zan iya kawai shi ne in faɗi yadda na auna abin a ma'aunin zuciyata.

Hujjojin buɗe baki

Da farko, mu dubi kalmar kanta. Bahaushe yana cewa ban ruwa, ban haƙuri, ban gajiya, ban girma, ban kwana. A dukkansu akwai bayarwa. Yafiya ma kyauta ce, mai haƙƙi ne ke bayar da ita daga abin da ya mallaka. To, yaya mutum zai yi kyautar abin da bai san yana da shi ba? Duk ɗan lambu ya san irin algus ɗin da akan yi a kasuwa, a zuba ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu a rufe da manya a sama. Mai saye ya duba ya ce ya yarda, ya biya. Amma da abin da ya gani ya yarda, ba da abin da aka ɓoye masa ba. Wanda ya san laifinsa ya cusa shi a ƙarƙashin "mu yafi juna", irin wannan ciniki ya yi. Ni da na saci ruwa da dare, sai ga shi ina shirin satar yafiya da rana.

Na biyu, mu tuna inda maganar ta samo nauyinta. A zamanin da fatake ke tafiya Gwanja fataucin goro su yi watanni ba a ji ɗuriyarsu ba, alhazai kuma ke tafiya Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan su yi shekaru, wasu ma ba su dawo ba har zuriyarsu ta zama 'yan can, ban kwana ƙanwar wasiyya ce. Mai tafiya yakan biya bashi, ya mayar da ajiya, ya je har gida ya ba wanda ya ɓata wa haƙuri. Sai bayan ya gama wannan duka sannan ya ce a yafi juna, don abin da ya manta da wanda ya yi bai sani ba. Ke nan maganar tsintsiya ce ta share ɓurɓushi bayan an kwashe duwatsu. Mu ne muka mayar da ita tabarmar da ake shimfiɗawa a kan duwatsun.

Na uku, kuma wannan ne ya karya mini duk wata hujja: ba mu biyu ne kaɗai a cikin maganar ba. Ko da Yaya ya yafe mini abin da ya sani da wanda bai sani ba, wannan ba zai wanke mutumin Damagaram ba. Zai tafi Mubi da sunan bawan Allah a zuciyarsa a matsayin maci amana, ya ba 'ya'yansa labari, ya buga misali da shi. Rufin asirina da tonon asirin wani aka saye shi. Kuma ranar tafiya ita ce dama ta ƙarshe, domin irin wannan magana ba ta wayar tarho ba ce.

Daga nan sai na ga kamar abubuwan da ke tsakanin masu rabuwa kashi uku ne. Akwai 'yan saɓe-saɓen yau da gobe, waɗanda aka manta ko ba a lura ba. Waɗannan su ne abincin "mu yafi juna". Akwai abin da ya tsaya a zuci bai fito ya cuci kowa ba, kamar kwaɗayina na mangwaro. Wannan tsakanin mutum ne da Mahaliccinsa, faɗar sa ga mai tafiya ɗora masa kaya ne kawai, maganinsa shi ne a gyara hali. Sannan akwai haƙƙi, wato abin da ya rage wa wani dukiya ko ya zubar masa da mutunci. Wannan kam sai an kira shi da sunansa, an kuma mayar da abin da za a iya mayarwa.

Yammacin da na faɗa

Saura kwana biyu su tashi, muka je lambu da la'asar don ya nuna mini abin da zai bari. Muna zaune a gindin mangwaro na ce, "Yaya, akwai maganar da nake so in yi, amma bakina ya yi nauyi."

Ya ce, "Haba Malam, tsakanina da kai? Faɗi mana."

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Na so a ce zan iya ba mai karatu labarin cewa ya yi murmushi ya ce ai tuni ya sani, kamar yadda akan yi a littattafai. Ba haka aka yi ba. Bai sani ba. Ya yi shiru har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can sai ya yi salati, ya ce, "Ashe shekara shida ina ɗauke da alhakin bawan Allah. Kai ka sha ruwana, ni kuma na sha mutuncinsa. Kai ga ni ka same ni. Ni ina zan same shi?"

Ka ga hujja ta biyu ta masu cewa a yi shiru ta tabbata a gabana: na sauke kayana, na ɗora masa wani. Na ce, "Yaya, da na sani da ban faɗa ba." Ya ɗago kai ya ce, "A'a. Gara in tafi da ciwon da na san wurinsa." Daga nan ya tashi ya kaɗe rigarsa, muka dawo gari babu mai cewa komai.

Washegari na kai masa kuɗin buhun albasa biyu, gwargwadon abin da na ƙiyasta ya yi hasara. A raina na zaci zai ce in bar shi. Sai ya karɓa ya ƙirga, sannan ya mayar mini a hannu ya ce, "Na karɓa, ya zama nawa. Yanzu ajiya ce na ba ka. Ka nemi mutumin nan ka ba shi, ka ce ni da kai muna neman gafararsa." Game da lambu kuwa, komayensa ya bar wa wani tsohon ɗalibinmu maraya da ya daɗe yana taya shi aiki. Mangwaro ya ce ni zan kula da su, bisa sharaɗin kada in kori yaran makaranta idan sun zo tsinka, kuma duk shekara in kai wa mai fadama kwando guda. Wato abin da na yi kwaɗayin ya zama nawa, sai ya zo mini a matsayin amana.

Ranar tafiya muka yi musu rakiya har bakin titi. Adda ta rungume maiɗakina suna kuka, ta miƙa mata kwalabe uku na iri, ta ce kada ta bari irin yakuwar nan ya ɓace. Mu ma muka ba su guzurin kauɗa da 'yan dashen mangwaro biyu a leda, da ƙasarsu a jiki kamar yadda ya koya mini. Da direba ya tayar da mota, Yaya ya kama hannuna ya riƙe. Fuskarsa ba ta sake kamar da ba, ba zan ɓoye wannan ba. Ya ce, "Malam, na yafe maka ruwan nan. Sauran kuma da ban sani ba, da wanda ni na yi maka, mu yafi juna." Na ce, "Na yafe, Yaya. Allah Ya kiyaye hanya, a gai da mutanen gida." Na sha jin wannan magana a rayuwata, amma ban taɓa jin ta zauna daram a mazauninta kamar ranar ba.

Kammalawa

Yanzu an ce nesa ta zo kusa, kuma gaskiya ne mukan gaisa ta waya. Bayan ruwan farko ya kira ni yana tambayar mangwaro, ya ce ɗaya daga cikin dashen da ya tafi da su ya kama, ɗayan ya mutu. Sai dai abotar lambu abota ce ta aiki kafaɗa da kafaɗa, yawancinta ma shiru ne, waya kuwa ba ta ɗaukar shiru. Sabo ake yi wa kuka, in ji Hausawa. Har yau idan na shiga lambu da asuba nakan waiwaya wajen komayensa kafin in tuna.

Ba na da'awar cewa abin da na yi shi ne daidai ga kowa a kowane hali. Akwai asirin da tona shi zai rusa gida ko ya haddasa fitinar da ta fi laifin girma, irin wannan sai a nemi shawarar masana. Abin da nake cewa shi ne, kada mu bari sauƙin maganar ya ruɗe mu. Kafin mutum ya miƙa hannu ya ce a yafi juna, ya tambayi kansa: cikin abin da nake neman a yafe, akwai wanda na sani sarai, wanda in an ambata shi mai yafewar zai yi jim? In akwai, to wannan ba na jimla ba ne.

Gare mu marubuta kuwa, littattafanmu cike suke da rabuwar masoya da hawayenta, amma ba kasafai muke waiwayar rabuwar maƙwabta da abokan sana'a ba, alhali a nan ne ake gane halin mutum. Ina ganin fili ne da ke jiran masu alƙalami.

Ni dai har yanzu da sauran ban kwana a kaina. Kuɗin nan suna nan a ƙulle cikin akwati. Duk 'yan ci-ranin da suka sauko daga wajen Magarya da Matamaye nakan tare su in kwatanta musu mutumin, kuma na ƙudura cewa ranar da na samu kwatancen garinsu, in Allah Ya yarda, da ƙafata zan je, tun da zumunta a ƙafa take. Ko zai yafe ko ba zai yafe ba, wannan nasa ne. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya sa mu rabu da kowa lafiya, amin.